Kafin a Zare Rediyon Mota: Gyara da Sauyi a Briqueterie

Da magariba, lokacin da hayaƙin masu tsire ke turnuƙe babban titin unguwar Briqueterie ta Yawunde, motocin tasi rawaya sukan jeru a gefen hanya, direbobi su sauko su yi alwala, wasu su tsaya sayen nama a takarda. Wanda ya bi layin yana leƙa cikin motocin zai ga hali iri uku. A wata motar rami ne buɗe a tsakiyar dashbod, wayoyi kala-kala sun leƙo, an naɗe bakinsu da salatif. A wata, rediyon kamfani na nan inda yake tun daga Turai, amma ko ƙyaftawa ba ya yi, an ɗaure wayar salula a jikinsa da roba. A ta uku ƙaton allo ne sabo ful yana haska fuskar direba, sai dai sautin da ke fitowa daga ƙofofi duk kakari ne, ba ka rarrabe muryar mai karatu da ta mai talla.

Wani zai ce ai rediyo ba ya cikin abin da ke tafiyar da mota. Haka ne. Amma direban da ya fito tun asuba, ya wuni yana hawa da gangara a tuddan Yawunde, ya maƙale a cunkoson Mokolo da Poste Centrale da Mvog-Mbi har dare, shi ya san darajar abin. Ta nan yake jin labaran gidan rediyon CRTV, ta nan yake bin ƙwallon ƙungiyar ƙasa ta Lions Indomptables, ta nan yake sauraron tafsiri da azumi, tun da ba shi da sukunin zama gaban malam.

Aljihu ne ke hana ruwa gudu. Litar fetur da ta daɗe a kan sefa 630 ta koma 730 a watan Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 840 a Fabrairun 2024. Kuɗin tasi da rana bai wuce 350 ba, kuma fasinja da yawa tayi suke yi ƙasa da haka. Bayan mai akwai taya da birki da inshora da takardu, ga kuɗin da direba zai kai wa mai mota kullum. Rediyo can ƙarshen layi yake. Shi ya sa in ya mutu ake neman hanya mafi araha, kuma a nan ne ake yawan asara. A ganina, mafi yawan kuɗin da ke salwanta a wannan harka ba tsadar kaya ce ke cinye su ba. Gaggawar cire rediyo ba tare da an binciki ciwonsa ba, da yanke wayoyin mota da almakashi, su ne ke jawo biya biyu.

Mota ce da aka ƙera don wata ƙasa

Kusan duk motar da ke yawo a unguwar ta hannu ce. Yawanci daga Turai suke, ta hannun dillalan titin Heyvaert na Brussels, a loda su a Antwerp a sauke a tashar jiragen ruwa ta Duwala. Wasu daga Amurka da Kanada suke, wasu kuma 'yan Japan ne da suka biyo ta Dubai. Tasi kuwa Toyota ce ta mamaye: Starlet da Carina E da Corolla da Yaris, da yawansu sun haura shekara 20. Kowacce ta zo da rediyon da aka tsara don ƙasar da aka fara sayar da ita, kuma wannan kaɗai kan sa mutum ya zaci na'urarsa ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Ɗauki rediyon motar Amurka. A can, tashoshin FM duk a kan lambar da ta ƙare da mara suke: 88.1, 88.3, 88.5, haka har sama. Rediyon ma haka yake tsalle. To a Yawunde babbar tashar CRTV tana kan 88.8, FM 94 kuma tana kan 94.0. Mai Camry ko Highlander 'yar Amurka zai murɗa ya tsaya a 88.7 ko 88.9, ya ji tashar da shu'umin amo a bayanta, in ya fita gari kaɗan ta ɓace. In ya danna maɓallin nema, rediyon ya wuce ta bai tsaya ba. RFI da ke kan 105.5 kuwa tana fita tas, abin da ke ƙara rikita shi. Wasu rediyoyin ana iya shiga ɓoyayyen tsarinsu a mayar da su na Turai, wasu ba sa yarda.

Na Japan nasa ya fi muni. Zangon FM na can ya faro daga 76 ya tsaya a 90, sai a shekarun baya-bayan nan aka ƙara shi zuwa 95. Tsohon rediyon Japan zai kama 88.8, amma duk tashar da ke sama da 90 ba ta cikin duniyarsa. Maganin wannan ɗan ƙaramin akwati ne da ake sa wa tsakanin eriya da rediyo, yana sauko da tashoshi zuwa inda rediyon zai iya ji. Lambar da allo zai nuna ba za ta dace da ta tashar ba, amma sauti zai fito, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabon rediyo ba.

Sauran kayan alatun da motar ta zo da su, kamar taswirar titunan Jamus ko maɓallin rediyon tauraron ɗan'adam na Amurka, a nan ba su da aiki. Babu dalilin kashe ko sisi a kansu.

Abin da ke kashe rediyo da gaske

In rediyo ya ɗauke ɗif, wuri na farko da gwani ke dubawa fis ne. Yawancin motoci suna da guda biyu da suka shafi rediyo a akwatin fis, wani lokaci da na uku a bayan rediyon kansa. Abu ne na ɗari biyu ko uku. Amma fis ba ya ƙonewa banza, kuma a nan ne wata mummunar ɗabi'a ke shigowa: a naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli ko a cusa ƙaramar waya a madadinsa. Rediyo zai tashi, direba ya yi murna. Ranar da wayoyi suka sake haɗuwa, maimakon fis ya mutu sai wayarin ya narke, wani lokaci har hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari.

Na biyu shi ne batir. Motar da ta ƙi tashi da safe, aka jawo wata aka haɗa mata wuta cikin sauri, aka juya ja da baƙi ko na daƙiƙa biyu ne, sau da yawa rediyo ne ke fara biyan bashin. Abin farin ciki, akasarin rediyoyin kamfani suna da ɗan ƙaramin abin kariya a bakin shigar wuta, shi ke ƙonewa ya tsare sauran. Mai gyaran da ya iya dalma zai cire shi ya sa wani cikin rabin sa'a. Haka nan injin caji da ya lalace yana tura wuta fiye da kima. Batir mai lafiya yana nuna kusan 12.6 in mota na kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.5. In mita ta haura 15, duk rediyon da aka sa zai bi na farko, komai tsadarsa.

Sai kuma yanayin garin. Yawunde na shan damina biyu a shekara, daga Maris zuwa Yuni, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba. Robar gilashin tsohuwar mota ta bushe ta tsage, ruwa na zirara cikin ƙofa, ya jiƙa takardar lasifika har ta ruɓe. Da rani jar ƙasa ce ke shiga ko'ina, ta toshe idon da ke karanta faifan CD, ta shiga maɓallin ƙara sauti har ya riƙa yin gaba in an murɗa shi baya. Ramukan titunan unguwanni suna girgiza allon cikin rediyo har dalma ta tsattsage, shi ya sa za ka ga direba na dukan dashbod da tafin hannu sauti ya dawo. Masu wankin mota ma suna da nasu laifin, in suka feshe gaban mota da ruwa kamar tabarma.

Akwai ciwo guda da ke yaudarar mutane fiye da sauran. Rediyo na kunnuwa, allo na haske, lambobi na tafiya, amma shiru. Mai mota ya yanke hukuncin cewa ya mutu. Sau da yawa abin da ya faru shi ne, wayar lasifika da ke ratsa maƙogwaron roba tsakanin ƙofa da jikin mota ta gaji da lanƙwasa, ta ɓare ta taɓa ƙarfe. Rediyon sai ya kashe sautinsa don ya kare kansa, ko kuma ƙwayar da ke ƙara sauti ta ƙone. Wannan ƙwaya, irin su TDA7388 da danginta, ana samunta a wajen masu kayan lantarki, kuma sauya ta aikin yau da kullum ne ga masu gyaran rediyo da talabijin. Amma in ba a gano wayar da ta ɓare ba, sabuwar ma za ta ƙone. In kuma aka sayi sabon rediyo aka ɗora a kan wannan waya, an yi asarar kuɗi sau biyu.

Gwajin ba shi da wuya. Lasifikar mota yawanci om 4 ce, mita za ta nuna tsakanin 3 da 4. In ta nuna babu komai, waya ta tsinke ko lasifika ta ƙone. Tsofaffin masu sana'ar suna taɓa wayoyin biyu da ƙaramin batirin tocila, su saurari ƙofar da za ta yi ɗan ƙas. Duk mai gyaran da ya ce a sayi sabon rediyo bai ɗauko mita ba, ya kamata mai mota ya tada injinsa ya ƙara gaba.

Rediyon da ke neman lambar sirri

Masu Renault da Ford da Volkswagen da Honda da tsofaffin Mercedes sun san wannan. An cire batir don a yi caji ko a sauya, an mayar, sai rediyo ya rubuta CODE ko SAFE ya yi gum. Kamfanonin sun yi haka ne tun shekarun 1980 don hana ɓarayin Turai sha'awar rediyon mota, kuma katin da ke ɗauke da lambar ya daɗe da ɓata a hannun mai motar na farko.

Kuskuren da ake yi shi ne caccankar lambobi. Bayan kuskure kaɗan rediyon kan kulle kansa na wani lokaci, in aka ci gaba wasu kan kulle gaba ɗaya. Abin da ya dace shi ne a fara bincika akwatin gaban fasinja da littafin mota, don wani lokaci an rubuta lambar da biro. In babu, a zaro rediyon a karanta lambar da ke jikin takardarsa. Na Renault da na Ford da yawa ana fitar da lambar sirrinsu daga wannan, sauran kuma sai an karanta ƙwayar ajiyar da ke ciki da na'ura. Yaran da ke gyaran waya a Avenue Kennedy da ire-irensu sun iya wannan aiki. Masu Toyota galibi sun huta da wannan wahala.

Peugeot 307 da 407 da Citroën na zamaninsu nasu salon daban ne. Rediyonsu a ɗaure yake da lambar jikin motar, in aka sa na wata motar zai yi aiki amma yana ƙara ƙit-ƙit ba ƙaƙƙautawa, sai an haɗa kwamfuta an gabatar da shi ga motar. Mai sayen na hannu ya sa kuɗin wannan a lissafinsa tun kafin ya biya.

Ba rediyo ake nema ba, waya ake son ji

In aka zauna aka tambayi masu son sauya rediyo dalilinsu, da yawa rediyonsu bai mutu ba. Kaset yake ci ko CD, su kuma duk abin da suke son ji yana cikin wayar salula ko memori: karatun Alƙur'ani, wa'azin malaman Kano da Zariya da Garwa, waƙoƙin Kannywood, saƙon murya na 'yan'uwa a WhatsApp. BBC Hausa da aka buɗe a 1957, da sassan Hausa na DW da Muryar Amurka da RFI, iyayenmu a gajeren zango suke kama su, zangon da rediyon mota ba kasafai yake da shi ba. Yau galibi ta intanet ake jin irin waɗannan tashoshi. Abin da ake buƙata gada ce tsakanin waya da lasifikar mota, kuma gadar ba ta da tsada.

Mafi sauƙi ita ce 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari. Tana karɓar sauti daga waya ta Bluetooth ko daga filash, ta watsa shi a zangon FM, rediyon mota ya kama kamar tasha. Dubu kaɗan ne kuɗinta, ba a kwance ko ƙusa ɗaya. Rauninta shi ne cikin Yawunde zangon FM cike yake da tashoshi, sai an yi haƙuri an nemo gurbin da babu kowa, kuma masu arahar cikinsu suna kawo wani zuuu da ke hawa da sauka tare da totur. Mai rediyon kaset yana da kaset na dabara mai wutsiyar waya, wanda sautinsa ya fi na FM tsabta in kan rediyon bai cinye ba.

Hanyar da na fi yabawa ita ce ta bayan rediyo. Rediyoyin Toyota da Volkswagen da Peugeot da yawa na shekarun 2000 suna da soket a baya da aka tanada don akwatin faifai masu yawa. Akwai ƙaramar na'urar Bluetooth da ke shiga wannan soket, rediyon ya ɗauka faifai ne yake juyawa. Sauti na fita garau, maɓallan sitiyari na ci gaba da aiki, dashbod na nan yadda kamfani ya yi shi, ɓarawon da ya leƙo ta gilashi kuma bai ga abin sha'awa ba. Inda babu soket, mai gyara da ya ƙware kan dasa ɗan allon Bluetooth a cikin rediyon ya haɗa shi da layin kaset ko na CD.

In sauyi ya zama dole

Wani rediyon kam ya gama yawo: ruwa ya ci allonsa, ko gilashinsa ya fashe, ko kayan gyaransa sun fi ƙarfin kuɗinsa. A nan zaɓi uku ne.

Na farko, a nemo irinsa na hannu daga motar da aka farfasa. Mvog-Ada a nan Yawunde da Camp Yabassi a Duwala su ne matattarar kayan gyara. Alherinsa shi ne soket ɗinsa zai shiga ba gardama. Sharaɗi ɗaya ne: a gwada shi a cikin motar, a ji ƙofofi huɗu na magana, kafin kuɗi ya bar hannu.

Na biyu, rediyon kasuwa mai faɗin gargajiya. Tun 1984 aka daidaita ramin rediyon mota a duniya a kan milimita 180 faɗi da 50 tsayi, mai ninki biyu kuma 180 da 100. Tsofaffin tasi kusan duka wannan rami ne da su, don haka aikin minti kaɗan ne. Kasuwa cike take da 'yan Sin marasa faifai, masu filash da memori da Bluetooth, a farashin da bai kai na cikon tanki ba. Suna aiki, amma kunnensu na kama tasha ba shi da kaifin na kamfani, kuma zafin mota da aka ajiye a rana kan gajarta musu kwana. Pioneer da Sony da Kenwood da JVC na asali sun ninka su kuɗi sau uku ko huɗu, ga kuma jabu da ke ɗauke da sunayensu. Na jabu ba shi da nauyi a hannu, ƙarfen bayansa da ke shan zafi siriri ne, rubutun kwalinsa kuma a karkace. Lambar nan ta 4 x 50 ko 4 x 60 da ake bugawa da manyan baƙaƙe kada ta ruɗi kowa. Rediyon da ke aiki da batirin mota ba tare da amfilifaya ba, ƙarfinsa na gaskiya bai wuce wat 20 ko kusa da haka ba a kowace lasifika, na asali ne ko na jabu.

Na uku shi ne wanda ake yayi, allon Android. Yana da taswira, yana da kyamarar baya, yana sa tsohuwar Avensis ta yi kama da ta bana. Ga masu jigilar fasinja ta manhajar waya yana da amfani na zahiri. Amma a nan araha ba ta ado. Masu sauƙin kuɗi ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, wasu ma an shirya su su nuna adadin da ba su da shi, sai bayan wata biyu su fara sanƙarewa. Suna jan lokaci kafin su farka, kuma in ba a haɗa su daidai ba suna tsotsar batir duk dare. Sannan akwai abin da ba na jin daɗin gani: direba na gangara tudu da fasinja biyar, fim na tafiya a gabansa. Wannan allo an yi shi da wayar da ke hana hoto motsi sai an ja birkin hannu, masu sakawa ne ke haɗe ta da ƙarfe don a kalla ana tafiya. Ran mutane ya fi ƙarfin wannan ganganci.

Almakashi

Duk wanda aka zaɓa, wurin da aiki ke kyau ko ya ɓaci shi ne bayan dashbod. Motar ta zo da soket ɗinta, sabon rediyo ya zo da nasa, ba su dace ba. Akwai 'yar igiyar haɗi da aka yi don kowace irin mota, gefe ɗaya ya shiga na mota, ɗaya ya shiga na rediyo. Kuɗinta kaɗan ne, amma sai an je an nemo. Yaron gareji da ke sauri sai ya datse soket ɗin kamfani ya jefar, ya murɗa wayoyi da hannu, ya naɗe da salatif. A zafin mota salatif kan saki cikin 'yan watanni. Daga nan sai fis ya riƙa ƙonewa, fitilar dashbod ta riƙa wasa, kuma ba a iya mayar da rediyon asali sai da wahala. Garin neman gira an rasa ido.

Rediyon kasuwa launin wayoyinsa sananne ne. Rawaya ita ce wutar dindindin daga batir, ja tana samun wuta ne in an murɗa makulli, baƙa ta jikin mota ce, shuɗiya ta eriya ko amfilifaya. Fari da toka na lasifikun gaba ne, kore da shunayya na baya. Amma wayoyin motar kanta ba sa bin wannan launi, kowane kamfani da nasa, don haka sai da mita. In aka juya rawaya da ja, kamar yadda kan faru a Volkswagen da Opel, rediyo zai riƙa mance tashoshi da agogo duk lokacin da aka kashe mota. In kuma aka haɗe su biyun a wutar dindindin don a huta, rediyo ba ya barci, da safe sai turi. Direbobi da dama sun sayi sabon batir a kan wannan, alhali nasu ba shi da laifi.

Akwai gargaɗi guda da ya kamata kowane mai koyo ya haddace. A cikin dashbod akwai wasu wayoyi masu rawayar riga da rawayan soket, na jakar iskar da ke kare mutum in an yi karo. Ba su da alaƙa da rawayar rediyo. Wanda ya soka musu fitilar gwaji yana neman wuta zai iya fasa jakar a fuskarsa, ko ya kashe ta ba wanda ya sani sai ranar da aka buƙace ta.

Wasu motocin da suka fi sabunta kuma, irin su Golf 5 zuwa sama, ba su da jar waya ko kaɗan. Kwamfutar mota ce ke aika wa rediyo saƙo cewa an kunna, ta layin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Sai an sa ɗan akwatin da ke fassara saƙon. Toyota mai tambarin JBL tana da amfilifaya a ɓoye, in ba a tashe ta ba sabon rediyo ba zai yi magana ba. Wasu Mercedes da BMW da Audi ma da zaren haske sautinsu ke tafiya. A irin waɗannan, gyaran na asali kusan kullum ya fi sauyi sauƙi.

Kowa da hujjarsa

Masu gyara suna da nasu kukan, kuma yana da tushe. Bincike na cin lokaci, amma mai mota ba ya son biyan kuɗin bincike. In ka shafe sa'a biyu ka gano tsinkakkiyar waya a ƙofa, sai a ce maka, "Haba maigida, 'yar wannan wayar ce za ka caje ni haka?" In kuwa ka sa sabon rediyo, ga ladan aiki ga ɗan abin da mai shago zai ba ka, kowa ya rabu da fara'a. Muddin ba a biyan mutum don ya gano ciwo, za a ci gaba da samun masu cewa a sauya. Mai motar da ya yarda ya biya ladan bincike daban, tun kafin a taɓa komai, shi ne ke fita da riba.

'Yan kasuwa kuma suna cewa abin da jama'a ke iya saya suke kawowa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba yake sefa 60,000 tun 2023, rediyon da ya kai wannan kuɗi sai dai ya yi ƙura a kanta. Ba a musa wannan ba. Abin da ba shi da hujja shi ne sayar da jabu da sunan asali, da kuma garantin baki da ke ƙarewa da zarar an fita ƙofar shago. Rasit mai ɗauke da sunan kaya da kwanakin gwaji haƙƙin mai saye ne.

Tsakanin mai tasi da direbansa ma akwai 'yar tsama. Mai mota na ganin rediyo ba ya kawo ko dala, direba ya saya da kuɗinsa. Direba kuma, da ya san gobe ana iya karɓe makulli, sai ya sayi mafi araha ya sa a haɗa masa yadda zai zare ya tafi da abinsa. Ramukan nan da ake gani a dashbod da yawansu tarihinsu ke nan. Fasinja kuwa, a tasin da ke ɗaukar Bahaushe da Ba'ewondo da Babamileke a kujera ɗaya, wani na son kiɗan bikutsi wani makossa wani karatu, abin da ya fi damunsa a rage ƙara ya ji direba ya amsa tayinsa.

Motocin da ke tafe

Gwamnati na ɗora ƙarin haraji a kan motocin da suka haura shekara 10, kuma sannu a hankali motocin da ke sauka a Duwala suna ƙara sabunta. A cikinsu rediyo ba akwati ba ne da ake zarowa. Allo ɗaya ne ke riƙe da sauti da na'urar sanyaya mota da kyamara da saitin ƙofofi, in ya mutu rabin motar ya kurumce. Tun Disambar 2020 kuma Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci rediyon dijital na DAB, Norway ma ta kashe manyan tashoshinta na FM tun 2017, ko da yake motocin har yanzu suna zuwa da FM a gefe.

Wannan na nufin yaron da ke koyon wayarin a garejojin Briqueterie da Tsinga yau, filaya da fitilar gwaji ba za su ishe shi ba. Zai buƙaci mita mai kyau, da kwamfutar da ke magana da mota, da iya karanta zanen wayoyi da Faransanci ko Ingilishi, da hannun dalma irin na masu gyaran salula. Sana'o'in biyu, ta mai wayarin mota da ta mai gyaran waya, a unguwa ɗaya suke, wani lokaci rumfa na kallon rumfa, amma kowa da ubangidansa. Iyayen da ke kai 'ya'yansu koyon aiki za su kyauta in suka nemi yaro ya yi shekara a nan ya yi shekara a can, domin allon Corolla ta 2018 da ya ƙi kunnuwa ya fi kusa da teburin mai gyaran waya fiye da ramin bakanike.